Miyar da Baba Bai Ƙi Ba

Rillieux-la-Pape, Litinin, 7 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanwata Mardiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kin tashi lafiya ke da ɗanmu Affan. Ya jego, ya ruwan zafi? Ya maigidanki Kamalu da hidima, ya surukarki da sanyin Paris da ta zo ta tarar? Allah ya raya mana yaro, ya ba ki lafiyar shayarwa, amin.

Na san sai kin yi dariya in kika ga wasiƙa cikin akwatinki, alhali waya tana hannun kowa. Gidan nan nawa ɗaki biyu ne, bangon kuma bai fi kwali kauri ba. Ko tari na yi Baba yana ji, balle in ɗauki waya in yi zancensa. Sai na tuna lokacin da muke yara, ina Maraɗi wurin Goggo Fatsima kina Damagaram, yana tilasta mana rubuta wa juna wasiƙa duk wata. Taki yakan bi ta da jan bik ɗin nan nasa, biron gyaran takardun 'yan lakwal a makaranta, kafin a kai ta gidan waya, in kin manta sa suna a ƙasa ya mayar miki, ya ce takardar da ba suna ba wasiƙa ba ce. Tawa kuwa in ta iso, ke yake sa wa ki karanta masa, bai taɓa kai hannu gare ta ba.

Na tarbe shi a gar, tashar jirgin ƙasa, ranar Alhamis. Mardiya, me ya hana ki gaya mini ya rame haka? Da ya sauko daga jirgi da ƙyar na gane shi. Rigar sanyin da Kamalu ya ba shi kamar a jikin ƙofa aka rataye ta, ƙafafunsa kuma sun kumbura har bai ɗaure igiyar takalmi ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana duban saman kaina, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, shi ke nan. Ke auta, kina zama kusa da shi ki ja masa gemu. Ni 'yar fari ce, shekara talatin da uku ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Har yau Ta-Goggo nake, in kuma muna mu biyu sai ya yi gyaran murya, in gane da ni yake.

Na yi ƙarfin hali na tambaye shi abin da likitan Paris ya ce, tunda shi kaɗai ya je randebu ɗin asibitin, kina ɗakin haihuwa. Ya ce hawan jini ne kawai, a daina gishiri, a rage nama. Irin abin da ya gaya miki ke nan. Akwai jakar fata ta takardu da yake sa wa ƙarƙashin matashi, ko banɗaki zai shiga sai ya gyara mata zama. Ba ni da fuskar da zan ce ya buɗe mini.

Abin da ke hana ni sukuni shi ne ba ya cin abinci. Kin san ni da girki, burodi da sardin ne suka riƙe ni tun ina ɗaliba. Na dafa shinkafa da karas, ba gishiri ba magi, na dafa makaroni, na yi fate. Cokali uku yake yi ya ce alhamdulillahi, ya ture kwanon. Ni ma da na ɗanɗana ban ga laifinsa ba. Kwana huɗu ke nan, kullum da safe sai na tsaya bakin ƙofarsa in saurara, sai na ji motsi kana in iya tafiya aiki. Tsoro nake ji kar a ce tsoho ya zo gidan babbar 'yarsa da ƙafarsa, yunwa ta kwantar da shi.

Yau a wurin aiki, can Saint-Fons inda muke awon ruwan masana'anta, abokiyar aikina Noriko, 'yar Japan, ta iske ni na tasa kwalabe gaba ina hawaye. Da na ba ta labari ta ce a ƙasarsu akwai miyar tumatir da ba nama cikinta ko kaɗan, daɗinta daga ganyen teku yake fitowa, tsofaffi suna sonta. Ta yi alkawarin raka ni kanti ranar Asabar. Ki taya ni addu'a ya karɓe ta.

Ki gaida Kamalu da surukarki, ki shafa mini kan Affan.

Yayarki,
Raliya

Rillieux-la-Pape, Laraba, 16 ga Oktoba

Ƙanwata Mardiya,

Assalamu alaikum. Ina gajiyar suna, ina gajiyar baƙi? Da fatan cibiyar yaro ta warke, ke ma jiki ya yi ƙwari. Na ga hoton da kika turo, hancin Baba ne sak, Allah ya kyauta masa.

Albishirinki, Baba ya ci abinci.

Ranar Asabar muka je kantin 'yan Asiya a Guillotière. Awa guda na yi ina juya kwalabe, ina haska rubutunsu da waya, ina neman giya da alade. Wani ruwan zaƙi da suke zuba wa miya, mirin, na ga da giya cikinsa, na mayar. Kwalbar ruwan waken suya ma sai da na mayar da biyu kafin in sami mai tsarki. Noriko ta ce ko 'yan duwan na bakin iyaka ba su kai ni bincike ba. Na sayi kombu, wani busasshen ganyen teku baƙi mai faɗi, da busasshiyar laimar kwaɗi irin wadda ake ci, da miso, wato daddawarsu ta waken suya, sai awara. Bayan mun rabu na biya babban kantin unguwarmu sayen tumatir, a nan na ga wani shuɗin gwangwani an rubuta gishirin rejim, na masu hawan jini. Na duba, ba giya ba alade. Na jefa shi cikin kwando ina jin ni ce mai wayon Lyon.

Ga yadda ake yin ta, ko za ki gwada in kin gama wanka. Tun safe za ki jiƙa kombu da laimar kwaɗin cikin ruwan sanyi, ki bar su su sha ruwa. In kin tashi, ki ɗora a wuta kaɗan-kaɗan, da kin ga ruwan yana shirin tafasa ki tsame ganyen, in kika bari ya tafasa ciki yauƙi zai yi. Tumatir shida manya, ki ɗan tsaga gindinsu, ki tsoma a ruwan zafi, bawon da kansa zai saluɓe. Ki soya albasa da ɗanyar citta da man riɗi cokali guda, ki zuba tumatirin ya narke, ki juye ruwan jiƙon a kai. In ta haɗa jikinta sai ki kashe wuta, ki dama miso cikin ludayi ki saki a hankali. Noriko ta ja mini kunne sau uku, ba a tafasa miya bayan miso ya shiga, kuma in sa kaɗan don yana da gishiri. Na sa kaɗan ɗin, na cike gurbin da gishirin gwangwani, cokali guda har da tozo, tunda shi ba ya cutarwa. Sai awara 'yan ƙanana da yankakken lawashi a sama. Ƙamshin da ya tashi, har maƙwabciyata ta leƙo.

Na ajiye masa kwanon na fita, don kin san ba zai ci ina tsaye ba. Amma ban yi nisa ba, na laɓe bayan ƙofa ina leƙe ta tsaga. Ya daɗe yana kallon miyar bai taɓa ba. Can ya yi gyaran murya ya tambaya ko tumatir ne. Na amsa daga waje na ce shi ne, da hannuna na ɓare su ɗaya bayan ɗaya. Ya yi shiru har na fid da rai. Sai na ji bismillah, na ji ƙarar cokali. Mardiya, ya shanye ta tas, har ya karkata kwanon. Da na shiga ɗauka ya dubi bango ya ce madalla, ashe Ta-Goggo ta iya girki. Na kai kwanon kicin na kunna famfo don kar ya ji kukana.

Tun ranar ita nake yi masa rana da maraice. Na sayi babbar tukunya, tumatir ya koma goma. Kullum sai ya ɗan yi jim kafin ya fara, kullum kuma sai ya shanye.

Sai dai hankalina bai kwanta ba. Tun shekaranjiya a zaune yake salla, mutumin da ko zazzaɓi bai taɓa zaunar da shi ba. Jiya kofin shayi ya suɓuce daga hannunsa, ya tsaya yana kallon yatsunsa kamar ba nasa ba. Na ji yana gaya miki a waya wai sanyi ne ya sa ƙafafunsa nauyi, kika yi masa dariya. Ni ban yi dariya ba. Na ƙara masa yawan miyar ko ta sa masa ƙarfi. Don Allah in kin kira shi ki lallaɓa ki tambaye shi gaskiyar abin da yake ji, ke yana iya gaya miki.

Gaisuwa ga mutanen gida baki ɗaya.

Yayarki,
Raliya

Lyon, Litinin, 21 ga Oktoba

Mardiya,

Assalamu alaikum. Ya kuka kwana, ya yaro, ya hankali? Na san tun wayar jiya ba ki zauna ba. Ki yi haƙuri ki zauna inda kike, jinjirin kwana ashirin ba ya shiga jirgi cikin wannan sanyi. A kujerar asibiti nake rubuta miki, ki yi haƙuri da karkacewar rubutun. Akwai abin da bakina ya kasa faɗa miki a waya.

Jiya bayan azahar na ji shiru ya yi yawa a ɗakinsa. Na yi sallama sau uku ba amsa, na tura ƙofa. Yana kan darduma ya kife gefe guda, idonsa biyu, yana ƙoƙarin tashi jikin ya ƙi. Na rungumo shi na jingina da gado. Ban taɓa taɓa jikin Baba ba sai jiya, kuma bai fi buhun da aka zazzage nauyi ba. Na kama wuyan hannunsa, jijiyar tana bugawa ɗaya, ta yi dogon shiru, kana ta sake. Ko a hakan ƙoƙari yake ya janye hannunsa daga nawa.

Na kira lamba sha biyar, ta motar asibiti. Da suka zo suka manna masa wayoyi a ƙirji, na ga likitan ya dubi takardar da ke fitowa daga na'urar, ya dubi abokinsa, daga nan ba wanda ya sake tafiya a hankali. Na bi bayansu muka sauko bene.

A asibiti wata likita mai gajeren gashi ta kira ni gefe. Ta ce ƙodojinsa sun daɗe da lalacewa, ba yau abin ya fara ba. Ta ce wani sinadari, potasiyom, ya taru cikin jininsa har ya kusa tsayar da zuciya, dole su ɗora shi kan injin wankin jini nan take. Ta tambaye ni abin da yake ci. Na ce miyar ganye, ba nama. Sai ta dube ni cikin ido ta ce ko muna amfani da gishirin rejim.

Na ce a'a.

Wallahi ban shirya ƙaryar ba, bakina ne ya riga ni. Tun da ta ambaci potasiyom na gane, don ni ba jahila ba ce, aikina ke nan kullum, awon irin waɗannan abubuwa cikin ruwa. Na san da potasiyom ake yin gishirin da ba gishiri ba. Na sani tun ina aji biyu a jami'a. Amma da na tsaya gaban gwangwanin nan a kanti, ilimin bai zo mini ba, haram kawai nake nema.

Yau da hantsi na koma gida ɗauko masa kaya. Tukunyar tana kan murhu da sauran miyar jiya, gwangwanin yana gefenta, ya kusa rabi. Na juya shi. Ga gargaɗin nan da ƙananan baƙaƙe, masu ciwon ƙoda kar su yi amfani da shi sai da izinin likita. Layi biyu ne ƙasa da inda yatsana ya tsaya ranar da na saya. Na zauna a ƙasan kicin na kasa tashi.

Kwana tara, Mardiya, sau biyu a yini. Da ƙafarsa ta yi nauyi na ƙara masa. Ina tsaye bayan ƙofa ina murna da ƙarar cokali.

Sun ce zuciyar ta ɗan daidaita amma ba su ba ni tabbaci ba, sai an ga kwana biyu. Duk wanda ya fito daga ɗakin da farar riga sai na miƙe tsaye. Ina tsoron ya tafi. Ina tsoron ya tashi ya ji ni ce. Ina tsoron ki ma, shi ya sa na rubuta maimakon in faɗa. In kin karanta kin ga ba ki iya kirana, ba zan ga laifinki ba. Gwangwanin yana cikin jakata yanzu haka, tun ɗazu nake zagaya ƙofar ofishin likitar na kasa ƙwanƙwasawa.

Ki yi masa addu'a, ni ma ki sa ni.

Raliya

Lyon, Laraba, 23 ga Oktoba

Ƙanwata Mardiya,

Assalamu alaikum. Ya jiki, ya Affan, ya haƙurin da muke ciki? Na gode da kiran da kika yi ɗazu da wasiƙar ta iso. Ba ki ce komai ba sai kuka, ni ma haka, amma ba ki kashe wayar ba. Allah ya bar mu tare.

Na kai gwangwanin tun maraicen Litinin. Na ajiye shi kan teburin likitar na ce ƙarya na yi mata, na jira ta kira 'yan sanda. Ta juya shi ta karanta, ta ce gara da na kawo, yanzu sun san inda abin ya fito. Ta ce tumatir da ganyen teku da laimar kwaɗi duk suna da nasu potasiyom ɗin, amma gishirin ne ya cika ma'aunin. Ba ta ɗaga mini murya ba, da ta zage ni ma da na fi jin sauƙi. Sannan ta ce ba yadda za a yi mai irin wannan ciwo a ce ba likitan da ya taɓa gaya masa, in nemo mata takardunsa na Paris.

Haka na je na ɗaga matashin Baba na ɗauko jakar fata. Na buɗe ta kamar mai sata. Katin fanshonsa na ciki, da hoton marigayiya Inna, da jan bik. A ƙasa akwai takardu uku daga likitan ƙoda. Ɗaya ta ce lokaci ya yi da za a fara shirya shi don injin wankin jini, da ranar randebu, wadda ta wuce yana nan gidana bai ce uffan ba. Ɗaya jerin magunguna ce. Ta ukun jerin abinci ce, gefe guda abin da zai ci, gefe guda abin da zai kiyaya.

Mardiya, ya ja layi da jan bik ƙarƙashin kowane abu na gefen hani, irin jan layinsa na gyaran jarrabawa, miƙaƙƙe kamar da ma'auni. Ayaba, dabino, tumatir, laimar kwaɗi, gishirin rejim. Tumatir ma layi biyu ya ja masa.

Ya sani. Lokacin da ya tambaye ni ko tumatir ne, ya sani. Shirun da yake yi kafin ya ɗauki cokali, wanda na ɗauka addu'a ce, ashe shawara yake da kansa. Gishirin kam bai san da shi ba, don bai taɓa taka kicin ɗina ba. Amma kalma ɗaya ta isa. Da ya ce Ta-Goggo, an hana ni wannan, da na tambayi dalili, da na ga takardar, da gwangwanin nan ya tafi shara tun ranar farko.

Na yi fushi irin wanda ban taɓa yi ba, ni kaɗai cikin ɗaki, har na yi jifa da matashin. Wace irin kunya ce wannan da za ta bar mutum ya sha abin da zai kashe shi don kar ya yi doguwar magana da 'yarsa? Sai kuma na tuna ni ma da zan iya cewa Baba, ba ni takardun in gani. Kwana goma sha bakwai jakar tana gabana. Ni ma kunyar ce ta riƙe ni. Mu biyu muka zauna cikin ɗaki biyu, kowa yana girmama kowa, har aka kira motar asibiti.

Ya farfaɗo tun jiya, yana magana, an cire masa wasu wayoyin. Likitar ta ce ba ta jin ƙodar za ta dawo, wataƙila injin ya zama abokin zamansa. Ba ta ce miyata ce ta ƙarasa ta ba, ba ta kuma ce ba ita ba ce. Sau huɗu ina zuwa bakin ƙofarsa in hango ƙafafunsa cikin bargo in juya. Kaya ma ma'aikaciyar jinya nake ba wa ta shigar. Ban san da wane ido zan dube shi ba, kuma in na buɗe baki na san kuka ne zai fito, shi kuma ya juya fuska bango.

Na yanke shawara zan rubuta masa. Shi ya koya mana, sai ya karɓa. Zan sa takardar cikin jakar fatar in aika masa da ita, ya san na buɗe.

Ki gaida Kamalu, ki ce na gode da ya ce zai zo ranar Lahadi.

Yayarki,
Raliya

Lyon, Alhamis, 24 ga Oktoba

Zuwa ga mahaifina, Malam Bukari,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Baba, ina gaishe ku cikin ladabi. Ya jiki, ya kwanan asibiti? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne, ya tashi kafaɗunku.

Ku gafarce ni, na buɗe jakarku ba da izini ba, likita ce ta nemi takardu. Na ga abin da ke ciki.

Akwai abin da ba ku sani ba. Cikin miyar nan ban da tumatir ina zuba gishirin rejim, cokali guda kowace tukunya. Ni na saye shi, ba wanda ya ba ni shawara. Na karanta gwangwanin ban karanta shi duka ba, ni da kuka biya wa karatu har na zama mai awon sinadari. Ni na zuba muku guba da hannuna har kwana tara, ina jin daɗi. Da likita ta tambaye ni kuma na fara yi mata ƙarya don tsoro.

Ban rubuto don in kare kaina ba. Ina son ku sani daga gare ni kafin ku ji a bakin wani. Tun da kuka zo ba abin da nake so illa in ga kun ƙoshi a gidana, ko sau ɗaya, yadda kuke ƙoshi a gidan Mardiya. Ranar da kuka ce na iya girki ita ce rana mafi daɗi da na yi a ƙasar nan, yanzu kuma ita nake tsoron tunawa.

Abu ɗaya nake roƙo bayan gafara. In an sallame ku, ko gidana kuka koma ko Paris, ku riƙa faɗa mini abin da ke damunku. Ba sai kun dube ni ba. Ku faɗa wa bango, ina bayan ƙofa, zan ji. Ba zan iya sake tura ƙofa in iske ku a ƙasa ba.

Ina nan cikin baranda kullum daga ƙarfe biyu. In ba ku son ganina, ku bar jakar a rufe, zan gane.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

'Yarku ta Lyon

Rillieux-la-Pape, Asabar, 26 ga Oktoba

Ƙanwata Mardiya,

Assalamu alaikum. Barka da hantsi. Ya ƙarfin jiki, ya ɗan saurayinmu, yana barinki ki runtsa kuwa? Ki gaida surukarki, ki ce mun gode da addu'a.

Jiya ƙarfe biyu da 'yan mintoci ma'aikaciyar jinya ta fito ta miƙo mini jakar fata, ta ce tsohon ya ce a ba mai zaman baranda. Zip ɗin a buɗe yake. Na kai minti goma ina riƙe da ita a cinya kafin in iya leƙawa.

Wasiƙata ce a ciki, ya bi ta da jan bik. Hannun ya yi rawa amma nasa ne. Layin da na ce na zuba masa guba ya soke shi tun daga farko har ƙarshe. A gefe ya rubuta cewa mai girki ba ta sani ba, mai sha ya sani. Ƙasa kaɗan ya ƙara cewa da ya ƙi miyar sai ya faɗi dalili, da ya faɗi dalili sai mu tsare shi kan inji a ƙasar mutane, shi kuwa gida yake so. Inda na yi zancen ranar da ya yaba girkina bai soke ba, ya yi ɗan alamar nan da yake yi wa amsar da ta yi daidai.

Na bar wasiƙar ba suna da gangan, don kar in sa shi karanta abin da bakinsa yake kauce wa. Kin san dokarsa. Ƙarƙashin inda na sa 'yarku ta Lyon ya rubuta sunana da jan bik, cikakke, yadda yake a takardar haihuwa. Na zauna ina kallonsa har baƙaƙen suka narke a idona.

Da na shiga na durƙusa na gaishe shi. Taga yake kallo, bai juyo ba. Ya amsa, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya. Can ya yi gyaran murya ya gaya wa tagar cewa ƙafarsa ta hagu tana yi masa tsami, barci kuma ba ya samuwa, abincin asibitin nan kuma ko akuya ba ta ci. Sannan ya turo takardar jerin abincin zuwa bakin gado da yatsa ɗaya, ya bar ta nan. Na ɗauka.

Kar ki ɗauka tsoron ya tafi. Injin sau uku ne a mako, Damagaram kuwa ba yanzu ba, kuma bai san yadda zai haƙura ba tukuna, na gani a fuskarsa. Sun yarda in riƙa kawo masa abinci in na bi takardar. Yau tun safe na manna ta jikin firigo, na'urar sanyaya abinci, na yanka kabeji na tafasa na zubar da ruwan kamar yadda aka rubuta, na auna shinkafa da sikeli. Noriko ta zo da jajayen idanu tana ba ni haƙuri, na ce ba ruwanta, na ba ta sauran kombu da miso ta tafi da su. Kowane abu sai na karanta shi tun daga sama har ƙasa, sau biyu.

Kwanon yana nan na rufe shi da tawul, bus ɗin ƙarfe ɗaya zan bi. Yau ba zan tsaya bayan ƙofa ba. Zan zauna a kujerar kusa da gado har ya gama, ko taga zai kalla ya kalla.

Ki shafa mini kan Affan, in kun yi arba'in ki kawo shi kakansa ya gani.

Yayarki,
Raliatou